Me ya sa ake yi wa fitattun mutane rubdugu idan sun yi magana bayan hari?

Duk sanda aka kai mummunan hari a Arewa, tun ba a gama sallar gawa ba wata rigimar kan ɓarke a cikin wayoyinmu. Jarumar fim ta rubuta ta'aziyya, a ce neman suna take yi da jinin bayin Allah. Mawaƙi ya yi gum, a ce an toshe masa baki da kuɗi. Ɗan ƙwallo ya yi addu'a, a ce ita kaɗai ya iya. Ya soki gwamnati, a ce 'yan adawa ne suka saye shi. A teburin mai shayi a Tudun Wadan Zariya, a ɗakunan ɗalibai a Samaru da Kongo, a cikin motar Kwangila zuwa Kawo, gardamar ɗaya ce: jama'a na da haƙƙin titsiye wanda suka ɗaukaka, ko kuwa huce haushi ne kawai a kan wanda hannu ke iya kaiwa gare shi?

Akwai maganganun taurari da suka cancanci a tashi tsaye a kansu, domin suna iya jawo asarar rai. Sai dai yawancin dukan da ake yi ba a kansu yake sauka ba. A kan lafazi yake sauka, da lokacin da aka yi maganar, da kayan da ke jikin mai maganar. Mai yaɗa hoton ƙarya kuwa sau da yawa tafi ake yi masa, saboda ya faɗi abin da zukata ke son ji.

Su wa ake nufi, kuma mene ne rubdugu?

Fitacce a nan shi ne wanda jarinsa idon jama'a ne: ɗan fim, mawaƙi, ɗan wasa, mai barkwanci, ko mai ɗimbin mabiya a TikTok da Facebook da Instagram. Ba shi da ɗan sanda ko ɗaya a ƙarƙashinsa, bai yi rantsuwar kama aiki ba, kuma babu kasafin tsaro a hannunsa. Wannan ne ya raba shi da gwamna ko minista ko shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda tuhumarsu bayan hari wajibi ce a kan kowa.

Suka kuma daban take da rubdugu. Suka ita ce a ce wa mutum, "Hoton nan tsoho ne, ga inda ya fara fitowa, ka cire." Tana da hujja, tana da abin da take nema, idan aka gyara ta ƙare. Rubdugu shi ne dubban mutane su yi wa mutum ɗaya ca, a zagi iyayensa, a tono hotunansa na shekarun baya, a bi kamfanin da yake yi wa talla a ce sai an kore shi, har a kai ga yaɗa lambar wayarsa da unguwar da yake zaune. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ko mutum ya goge, ko ya ba da haƙuri, ba ya tsayawa.

Ita kanta kalmar "ta'addanci" fagen fama ce. Sai a watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a hukumance a Janairun 2022. Har yau wani zai ce "ɓarayin daji", wani "'yan ta'adda", wani "makiyaya", wani "masu iƙirarin jihadi". Kowace kalma tauraro ya zaɓa, ta ajiye shi a wani sansani tun bai kai ƙarshen jimlarsa ba.

Shafinsa ya zama zauren makoki

Wanda bai fahimci yadda Bahaushe ke zaman makoki ba zai daɗe yana mamakin zafin da ake ɗauka. Mai zuwa gaisuwa ya san abin da ake so a gare shi. Zai cire takalmi, ya nemi wuri a tabarma, ya roƙi a yi addu'a, a shafa, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai, ya sa ya huta." Ba ya jan zance, ba ya kawo cinikinsa, ba ya tambayar yadda aka yi ran ya fita a gaban iyali, kuma ba ya zuwa da shigar biki. Akwai ma bambanci tsakanin ta'aziyya da jaje. Ta'aziyya ta mutuwa ce, jaje kuwa na wanda aka sace wa ɗa ne, ko ya ji rauni, ko aka ƙona masa rumbu. Wanda ya rubuta "Allah ya jiƙansu" a kan ɗaliban da ke raye a hannun 'yan bindiga ya soki iyayensu a inda ya fi ciwo, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Da zarar tauraro ya rubuta kalma ɗaya a kan hari, mabiyansa sun ɗauke shi a matsayin wanda ya shigo wannan zaure, kuma da ma'aunin zauren za su auna shi. Matsalar ita ce shafin sada zumunta ba a gina shi don makoki ba. Ta'aziyyar za ta zauna ne tsakanin tallan atamfa da bidiyon kamu.

Akwai abubuwa biyu da yawancin masu zagi ba su sani ba game da yadda manyan shafuka ke aiki. Na farko, da yawansu ba mai sunan ne ke riƙe da su shi kaɗai ba. Akwai yaron da ke kula da shafin, kuma kwangilar talla kan ƙayyade rana da lokacin da tallan zai fita, har a kan tsara shi tun kwanaki kafin nan ya fita da kansa. Sai a kai hari da magariba, ƙarfe takwas tallan turare ya fito, alhali mai shafin yana wurin ɗaukar fim bai ma ji labari ba. Na biyu, manhajojin nan ba sa jera abubuwa bisa lokacin da aka wallafa su. Bidiyon rawar da aka sa ranar Litinin yana iya faɗowa a wayarka ranar Alhamis, daidai ƙarƙashin labarin kisan. Mutum ƙalilan ne ke duba kwanan wata kafin su ɗauki hoton rubutun su tura gaba, kuma hoton da aka yanke kwanan watansa shi ne makamin da ya fi kowanne tafiya.

Akwai kuma laifin da na taurarin ne da kansu. Wanda ya haɗa ta'aziyya da hotonsa ya sha kwalliya, ko ya rufe ta da sanarwar fitowar sabon fim, ya san abin da yake yi: fuska tana jawo masu kallo fiye da baƙin allo. Jama'a sun yi daidai da suka ƙyamaci haka. Amma wannan rashin ladabi ne, maganinsa hannunka-mai-sanda daga na gaba da shi a sana'a. Bai kai a yi wa gidansa barazana ba.

Tsohon bashi

Wani kaso na fushin ya girmi harin. A zaɓukan 2015 da 2019 da 2023 mawaƙa da 'yan fim da dama sun hau dandamalin kamfe, kuma tsaro na cikin manyan alkawuran da aka tallata da muryoyinsu. Shi ya sa bayan kowane hari ake jin, "Ku da kuka tallata mana su, ku fito ku yi magana." Wannan tuhuma tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya ce wa talaka zaɓi wane za ka kwana da ido biyu rufe, ya tsaya lamuni ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Inda ake kuskure shi ne a yi wa kowa kuɗin goro, har da wanda bai taɓa hawa motar kamfe ba. Sojojin baka na jam'iyyu kuma sun san wannan rauni. Na adawa za su hura wutar a kan tauraron da ke kusa da gwamnati, na gwamnati su rama a kan wanda ya soke ta, dukansu da sunan kishin waɗanda aka kashe.

Ƙarƙashin wannan akwai ciwon da ya rasa mafita. Mutanen Zazzau ba labari ake ba su ba. A daren 10 ga Yunin 2021 aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, aka kashe ɗalibi, aka tafi da ɗalibai da malamai. Wata guda bai cika ba aka shiga gidajen ma'aikatan cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye, aka kwashi mutane har da ƙananan yara. Ga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da aka hana noma. Magidancin da ya sayar da gona ya biya fansa ba zai iya zuwa daji ya tuhumi wanda ya cuce shi ba, ba zai samu ganin gwamna ba, amma jarumin fim yana cikin aljihunsa, kuma yana karanta abin da aka rubuta masa. Haka ake barin jaki a koma dukan taiki.

Mata sun fi ɗanɗana wannan. Namiji idan ya yi kuskure, maganarsa ake zagi. Mace kuwa nan take zance zai bar harin ya koma kan aurenta da suturarta da mutuncin iyayenta.

"Ina kake lokacin da aka kashe namu?"

Wannan ita ce tuhumar da ta fi kowacce yawa, kuma tana da tarihi. A makon farko na Janairun 2015 Boko Haram ta afka wa Baga a jihar Borno. Hukumomi suka ce mutum 150 aka kashe, wasu rahotanni suka kai adadin har 2,000. A makon ne kuma, ranar 7 ga wata, aka kashe mutum 12 a ofishin wata mujalla a Faris. Shugabannin duniya suka yi tattaki a Faransa, Baga kuwa da ƙyar ta samu wuri a labarai. Da aka sake kai hari Faris ranar 13 ga Nuwamban shekarar, mutum 130 suka mutu, Facebook ya buɗe manhajar da mutum zai sanar da dangi cewa yana lafiya, ya kuma ba da damar lulluɓe hoto da tutar Faransa. Mutanen Beirut, inda bam ya kashe fiye da 40 kwana ɗaya kafin nan, suka tambayi dalilin da ya sa ba a yi musu haka ba. Sukar ta yi aiki. Da bam ya tashi a Yola ranar 17 ga Nuwamba, kamfanin ya buɗe wa 'yan Najeriya manhajar.

Wannan misali ne na sukar da ta dace da wurinta: an tuhumi kamfani mai iko a kan tsarin da yake bi, kuma ya sauya. Da aka juyo da ita kan ɗaiɗaikun mutane a cikin gida, sai ta zama awon gawa da ma'aunin addini da yanki. Wanda ya yi jimamin masu ibadar da aka kashe a cocin Owo a Yunin 2022, a tambaye shi ina yake ranar da aka yanka manoman shinkafa a Zabarmari a Nuwamban 2020. Wanda ya yi kukan Birnin Gwari, a ce bai taɓa ambaton Kudancin Kaduna ba.

Zariya ta isa ta koya wa kowa cewa wutar ba ta zaɓe. Ranar 17 ga Yunin 2012 bama-bamai suka tashi a cocin Katolika da ke Sabon Gari da cocin ECWA da ke Wusasa. Ranar 7 ga Yulin 2015, cikin azumi, bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a tsakiyar ma'aikatan da suka yi layin tantancewa, aƙalla mutum 25 suka rasu. Babu mahalukin da zai iya yin ta'aziyyar kowane hari a ƙasar nan ba tare da ya tsallake wani ba. Idan za a yi wa mutum hukuncin wariya, sai a duba ɗabi'arsa ta shekaru: kullum ɓangare ɗaya yake gani? Shirun rana ɗaya ba hujja ba ne.

Maganganun da suka cancanci a tashi tsaye a kansu

A nan ne ya kamata ƙarfin jama'a ya tafi, kuma a nan ne ya fi ƙaranci.

Adadin farko da ake ji bayan hari kusan kullum yakan sauya. Da aka sace ɗalibai a Kuriga da ke ƙaramar hukumar Chikun ranar 7 ga Maris 2024, adadin da ya zagaya duniya 287 ne. Da aka sako su bayan mako biyu da 'yan kwanaki, hukumomi suka ce 137 ne, kuma su ke nan. Tauraron da ya kafe kan adadin farko ya bar mabiyansa da zargin an ɓoye yara 150. Wanda ya rage adadi kuma a ce yana kare gwamnati. Mafita ita ce a jingina adadi ga wanda ya faɗe shi, a ce "in ji shugaban makarantar" ko "in ji 'yan sanda", a kuma ambaci ranar.

Hoto ya fi adadi haɗari. Binciken da BBC ta yi kan rikicin Filato na Yunin 2018 ya gano cewa wasu munanan hotunan da aka yaɗa a Facebook a matsayin na harin ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma bayan yaɗuwarsu an tare hanya an kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Tantance hoto bai fi minti biyu ba. A sa shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wata shekarar. A duba lambar mota, da kakin jami'an da ke ciki, da rubutun allunan shaguna. A duba yanayin gari: hoton da aka ce na Giwa ne a watan Fabrairu amma ga masara kore shar a gonakin tudu, ya tona asirin kansa. Mai mabiya miliyan guda da ya kasa ba da minti biyun nan ya cancanci a yi masa magana da kakkausar murya.

Sai jingina hari ga ƙabila ko addini baki ɗaya. Bayan bama-baman 2012, ramuwar gayya ta ɓarke a Kaduna, aka tare matafiya a hanyar Abuja, har sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24. Waɗanda suka mutu a ramuwar ba su ne suka dasa bam ba. Idan tauraro ya rubuta "Fulani sun sake" ko "arna sun sake" ko "Musulmi sun sake", wanda zai biya kuɗin maganar shi ne Bafulatanar da ke kawo nono kasuwa, da ɗan Ibo mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari, da direban Zariya da ya ɗauki albasa zuwa kudu. Magana zarar bunu ce, kuma ta mai suna ta fi saurin kama wuta.

Bidiyon da maharan suka ɗauka da kansu ma haka. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, maharan sun riƙa sakin bidiyon fasinjojin da suka tsare, har da wanda ake dukansu a watan Yuli. Don a yaɗa suka yi shi, domin iyalai su firgita, farashi ya tashi. Duk wanda ya tura shi, ko da kuka ya haɗa, ya yi musu dako kyauta. A harin masallatan Christchurch da ke New Zealand a 2019, inda aka kashe mutum 51, Facebook ya ce ya cire kwafin bidiyon maharin miliyan ɗaya da rabi cikin awa 24 na farko, firaministar ƙasar kuma ta ƙi ambaton sunansa ko sau ɗaya. Ana iya ba da labarin abin da ke cikin bidiyo ba tare da an sa shi ba.

Mafi tsanani shi ne abin da ya shafi wanda ke hannu. Masu garkuwa suna da waya, suna bin shafuka. Da zarar fitacce ya rubuta cewa wanda aka sace ɗan wane ne, ko yayansa na aiki a banki, ko ya fito da lambar asusu yana shelar abin da aka tara, ya gaya musu iya abin da za su nema. A Janairun 2024, bayan sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja, an yi gangamin tara kuɗin fansa a fili a intanet, har ministan tsaro ya fito ya yi gargaɗi a kan haka. Tun a Afrilun 2022 ma Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka mai tanadin ɗaurin aƙalla shekara 15 ga mai biyan fansa. Ba wanda zai ga laifin uban da ke neman ceto 'yarsa. Amma wanda zai taimaka masa, ya tambayi iyalin tukuna abin da suke so a faɗa da wanda suke so a rufe. Haka nan ba a faɗin inda mutanen gari suka ɓuya, ko hanyar da motocin sojoji suka bi, kuma ba a sa hoton gawa, domin akwai uwar da a shafin wani za ta fara ganin ɗanta.

Su ma masu rubdugun ba su tsira daga wannan laifi ba. A daren harin jirgin, wata matashiyar likitar haƙori da ke ciki ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, a yi mata addu'a. Mutane suka yi mata ca, wasu suka ce ƙarya take yi don neman mabiya. Da gari ya waye aka tabbatar tana cikin waɗanda suka rasu. Hannun da ke saurin yaɗa ƙarya shi ne dai ke saurin ƙaryata gaskiya. Umarnin da ke aya ta 6 a Suratul Hujurati na a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, da gargaɗin aya ta 83 a Suratun Nisa'i kan masu gaggawar watsa labarin aminci ko tsoro, sun hau kan mai mabiya goma kamar yadda suka hau kan mai miliyan.

Tsoron da ba a gani a allo

Masu cewa "ku fito ku yi magana" sukan manta cewa gaba kura ce, baya sayaki. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zo da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin da ya kai shekara 3, kuma an yi amfani da shi a kan 'yan jarida da masu suka. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana, aka taƙaita shi a gyaran 2024, amma har yanzu yana hukunta saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya yaɗa don tada zaune tsaye.

A Fabrairun 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe, Salihu Tanko Yakasai, mai ba gwamnan Kano shawara kan yaɗa labarai a lokacin, ya rubuta cewa gwamnati ta magance matsalar ko ta sauka. Ya rasa muƙaminsa, hukumar DSS kuma ta tsare shi. A Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Ɗan fim yana kallon duk wannan, ya san kuma Hukumar Tace Finafinai ta Kano na iya dakatar da shi, ga shi sana'arsa ta bin hanya ce, yau biki a Gusau, gobe ɗaukar fim a wani ƙauye. Fuskarsa sananniya ce ga jami'i, sananniya ce ga na daji. Wannan ba ya wanke wanda ya yi shiru don kare kwangilarsa, amma ya isa ya sa a daina ɗaukar kowane shiru a matsayin rashin imani.

Abin da talaka ke rasawa

Kwanaki ukun farko bayan hari su ne lokacin da hukuma ke jin matsi. A nan ne ya kamata a yi ta nanata tambayoyi: ƙarfe nawa mutanen gari suka kira jami'an tsaro, ƙarfe nawa suka iso, an samu gargaɗi tun kafin nan, wa zai biya kuɗin asibitin waɗanda suka ji rauni? Idan kwanakin suka ƙare a kan gyalen wata jaruma, babu wanda ya fi jami'in da ya yi sakaci samun sauƙi.

Taurarin kuma suna koyon darasi, sai dai ba wanda ake so ba. Wanda aka yi wa rubdugu sau ɗaya, gobe zai sa baƙin allo da addu'ar da ba ta ambaci gari ko mutum ba, ko ya rufe wurin sharhi ya yi tafiyarsa. Alhali muryarsu na da amfani. Sace ɗalibai 276 a Chibok a Afrilun 2014 bai zama abin da gwamnati ta kasa kawar da kai a kansa ba sai da gangamin neman sako su ya samu manyan muryoyi a ciki da wajen ƙasa. Ƙauyen da ke bayan Giwa, wanda ko sabis ɗin waya babu, ba shi da wannan gatan sai wani mai suna ya ara masa.

Idan za a yi magana, ta yaya?

Abu na farko ba rubutu ba ne. A kira mai kula da shafi a ce ya dakatar da duk tallan da aka tsara, a sanar da kamfanin cewa za a ɗage na kwana biyu ko uku. Wannan ya kamata a rubuta shi cikin kwangila tun farko. Sannan a jira labarin ya fito daga kafofi biyu masu editoci waɗanda ba kwafar juna suka yi ba, ko daga wanda ke garin da aka san shi. Rubutun ya zama gajere, da Hausar da mutanen da abin ya shafa ke ji, ya ambaci sunan garin daidai, babu hoton mai rubutun, babu na gawa. Idan za a tuhumi hukuma, a kama ofishi da aikinsa, a yi tambayar da ke da amsa. Idan kuma an yi kuskure, gogewa a ɓoye ita ce ke ƙara wa wuta fetur, domin wani ya riga ya ɗauki hoton rubutun. A fito a ce, "Hoton da na sa ɗazu ba na wannan harin ba ne, na cire, ku ma ku cire," kuma a bar gyaran a saman shafi har ya kai inda ƙaryar ta kai.

Ga wanda ke Zariya, akwai aikin da ya fi rubutu. Masu raunin harbi daga ƙauyukan da ke kewaye sukan ƙare ne a Asibitin Koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, kuma jini na cikin abin da suka fi buƙata. Mai bayarwa ya kasance lafiyayye, daga shekara 18 zuwa 65, nauyinsa bai gaza kilo 50 ba. Leda ɗaya kimanin mililita 450 ce, ɗibarta kamar minti goma, sannan a gwada jinin don ƙanjamau da ciwon hanta kafin a sa wa kowa. Namiji na iya sake bayarwa bayan wata uku, mace bayan huɗu. Kuskuren da ake yi shi ne tauraro ya yi shela ba tare da ya tuntuɓi ma'ajiyar jinin ba, mutane su yi dafifi rana ɗaya fiye da yadda ma'aikata da firji za su iya ɗauka, alhali jinin da aka ajiye ba ya wuce kimanin kwana 35. Sai a fara kiran ma'ajiyar a ji rukunin jinin da ya yi ƙaranci da adadin mutanen da za su iya karɓa a rana, a raba masu zuwa kwana-kwana, sannan a sake yin shelar a mako na uku, lokacin da masu rauni ke komawa ɗakin tiyata karo na biyu.